Yadda Ake Tantance Sabon Kwas da Sabon Shirin Digiri a Jami'a: Darasi Daga Zongon Kwatano

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a yakan tarar an riga an jera masa kwasa-kwasan da zai yi: wannan na aji ɗaya, wancan na aji biyu, wannan dole, wancan zaɓi. Kaɗan ne suke tsayawa su tambayi wanda ya tsara jerin, da wanda ya duba shi, da wanda ya sa hannu kafin a fara koyarwa. Da yawa suna ɗaukan wannan a matsayin lamarin ofis, wanda bai shafi ɗalibi ba. Abin da ya faru a farkon shekarar 2024 ya nuna akasin haka, domin a lokacin ne dubban 'yan Nijeriya da suka yi karatu a Jamhuriyar Benin suka wayi gari takardun digirinsu suna cikin shakku.

Wannan takarda za ta bayyana matakan da sabon kwas ko sabon shirin digiri yake bi kafin a amince da shi. Za a duba tsarin Nijeriya da na Benin, sannan a yi amfani da unguwar Zongo ta birnin Kwatano a matsayin wurin da tsare-tsaren biyu suke haɗuwa. Manufar ita ce a nuna cewa darajar digiri tana rataye ne a kan jerin mutane da hukumomin da suka duba karatun da aka yi kafin a ba da takarda. In jerin nan ya tsinke, takardar ba ta da abin jingina.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Akwai kalmomi biyar da ya kamata a bambance tun da farko, domin akan cakuɗa su a maganar yau da kullum.

(a) Kwas: darasi guda da ake koyarwa a zangon karatu ɗaya, mai suna da lamba, kamar Tsarin Sautin Hausa ko Adabin Baka.

(b) Shirin digiri: tarin kwasa-kwasan da ɗalibi zai yi daga shiga zuwa fita domin ya sami digiri a wani fage, kamar digirin farko na Hausa.

(c) Kiredit: ma'aunin nauyin kwas. A Nijeriya kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon mako 15.

(d) Sahalewa: izinin da ake ba jami'a ta fara shiri kafin ta ɗauki ɗalibi ko ɗaya.

(e) Tantancewa: binciken da ake yi bayan shiri ya fara tafiya, domin a ga ko ana cika ƙa'idojin da aka gindaya.

Bambancin da ke tsakanin sahalewa da tantancewa shi ne ƙashin bayan wannan takarda. Makaranta tana iya samun izinin buɗe ƙofa, amma wani shirin da take koyarwa a ciki bai sami izini ba. Haka kuma shiri yana iya samun izinin farawa, daga baya ya faɗi a wajen tantancewa.

3.0 Zongon Kwatano da Rikicin Takardun Digiri

Sunan Zongo ya samo asali ne daga kalmar Hausa, zango, wato wurin da fatake suke yada kaya su huta. Kamar takwarorinta na Kumasi da Akara da Lome, unguwar Zongo ta Kwatano ta taso ne a matsayin masaukin baƙin da suka gangaro daga arewa. A nan Hausawa suke zaune tare da Dendawa da Zabarmawa da Yarabawa, a kewayen babban masallacin unguwar. Harshen hukuma a Benin shi ne Faransanci, harshen da ya fi yawa a kudancin ƙasar kuma shi ne Fon, amma a Zongo ana ciniki da Hausa. Saboda haka Bahaushen da ya je Kwatano sayen mota ko neman makaranta, sau da yawa a nan yake fara sauka, ya canja naira zuwa sefa, ya nemi wanda zai yi masa tafinta.

Dalilan da suka ja ɗaliban Nijeriya zuwa Kwatano sanannu ne. Masu zana jarrabawar JAMB a kowace shekara sun ninka guraben da jami'o'i suke da su. Ga kuma yawan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Daɗin daɗawa, digirin farko a Benin shekara uku ne, birnin kuma yana kusa da Legas ta kan iyakar Seme. Makarantu masu zaman kansu da dama sun buɗe sassan da suke koyarwa da Ingilishi domin waɗannan ɗalibai.

A ƙarshen watan Disamba na 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga rahoton wakilinta, Umar Audu, wanda ya yi ɓad-da-kama ya sami takardar digirin aikin jarida daga wata makaranta mai zaman kanta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna a aji ko ya rubuta jarrabawa ba. Da wannan takarda ya sami gurbin yi wa ƙasa hidima, alhali kuwa ya taɓa yi a baya. Ranar 2 ga Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agusta na wannan shekarar Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce bincike ya gano takardun bogi fiye da 21,000 daga Benin da fiye da 1,000 daga Togo, waɗanda aka bayar tsakanin 2019 da 2023. Ya kuma ce jami'o'i biyar kawai aka amince da su a Benin, uku a Togo. Cikin na Benin akwai Jami'ar Abomey-Calavi da Jami'ar Parakou.

Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Matakin ya shafi wanda ya sayi takarda, ya kuma shafi wanda ya zauna shekara uku cur yana karatu a makarantar da ba ta cikin jerin. Ɗalibi na biyun bai yi maguɗi ba. Abin da ya rasa shi ne sanin matakan da za a bayyana a nan gaba.

4.0 Matakan Cikin Gida

Domin sauƙin bayani, za a ƙaddara wani misali. A ɗauka cewa wani sashen harsuna a wata jami'ar Nijeriya ya lura da bukatar masu fassara tsakanin Hausa da Faransanci, irin bukatar da ake gani kullum a Zongon Kwatano da Maraɗi da Malanbil. Sashen yana da zaɓi biyu: ya ƙara kwas ɗaya na fassara a cikin digirin Hausa da yake da shi, ko ya kafa sabon shirin digiri na Hausa da Faransanci. Hanyar biyun ɗaya ce a cikin jami'a, sai dai na biyu yana zarcewa har Abuja. Sunayen kwamitoci sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma tsarin kusan ɗaya ne.

4.1 Sashe

A nan komai yake farawa. Malamin da ya kawo shawara zai rubuta takarda mai ɗauke da sunan kwas, da lambarsa, da yawan kiredit, da ajin da za a koyar da shi, da abin da ake so ɗalibi ya iya bayan ya kammala, da batutuwan da za a bi mako-mako, da littattafan karantawa, da yadda za a raba maki tsakanin aikin aji da jarrabawa. Kwamitin manhaja na sashe zai duba, sannan taron malaman sashe ya tattauna.

Tambayoyin da ake yi a wannan mataki na masu fage ne. Shin ɗalibin aji uku yana da isasshen Faransancin da zai yi fassara, ko sai an gindaya masa wani kwas da zai ci tukuna? Shin sabon kwas ɗin bai maimaita abin da ke cikin tsohon kwas na fassara tsakanin Hausa da Ingilishi ba? Wace ƙa'idar rubutu za a bi, tun da akwai ɗan bambanci tsakanin ta Nijeriya da ta Nijar, kamar yadda ake rubuta 'y a nan, a can kuma a rubuta ƴ? Idan malamin da ya kawo shawarar ya tafi ƙaro ilimi, wa zai riƙe kwas ɗin? Babu wani kwamiti na gaba da zai iya yin waɗannan tambayoyi kamar yadda sashe zai yi. Saboda haka in aka yi sakaci a nan, da wuya a gyara a sama.

4.2 Tsangaya

Daga sashe sai hukumar tsangaya, wadda shugaban tsangaya yake jagoranta. A nan ne sauran sassa suke ganin takardar. Sashen Faransanci yana iya cewa kwas ɗin a gonarsa ya faɗo, ko ya nemi a yi haɗin gwiwa. Ana kuma duba lissafi: ƙa'ida ita ce ɗalibi ya ɗauki tsakanin kiredit 15 zuwa 24 a zangon karatu ɗaya. Idan an ƙara kwas mai kiredit biyu na dole, wataƙila sai an cire wani, ko a mayar da shi zaɓi. Wannan lissafi ne yake haddasa yawancin gardamar da ake yi, domin babu malamin da yake son a taɓa kwas ɗinsa.

4.3 Kwamitin Tsare-tsaren Karatu

Wannan kwamiti ne na Majalisar Dattawan Jami'a, kuma yana aiki da ofishin daraktan tsare-tsaren karatu. Aikinsa shi ne duba shawarar da idon jami'a baki ɗaya. Shin shirin yana cikin kundin tsarin bunƙasar jami'ar? Malamai nawa ake da su, kuma nawa za a ɗauka? Ina ajujuwa da ɗakin koyon harshe? Ɗalibai nawa ake sa ran za su nema, kuma wane aiki za su yi bayan sun gama? Kwamitin yakan mayar da takarda baya domin gyara, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Idan shirin na digiri na biyu ne ko na uku, sai ya bi ta hukumar makarantar karatun gaba da digiri.

4.4 Majalisar Dattawa da Hukumar Gudanarwa

Majalisar Dattawa ita ce ƙololuwa a harkar karatu. Shugaban jami'a ne yake jagorantarta, mambobinta kuma sun haɗa da farfesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa. Idan ta amince da sabon kwas a cikin shirin da ake da shi, magana ta ƙare: za a sa shi a littafin jagorar ɗalibai a fara koyarwa. Idan kuwa sabon shiri ne ko sabon sashe, sai an sanar da Hukumar Gudanarwar Jami'a, domin ita ce mai kula da kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata. Bayan haka ne ake aika takardar neman izini waje.

5.0 Matakan Waje a Nijeriya

An kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, a 1962 a matsayin mai ba gwamnati shawara, bisa shawarar kwamitin Ashby. A 1974 ta zama hukuma mai cikakkiyar doka. Doka ta 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'idojin da kowane digiri zai cika, da ikon tantancewa. An fitar da kundin ƙa'idoji na farko a 1989, aka sabunta shi a 2007 da sunan BMAS, sannan a watan Disamba na 2022 aka ƙaddamar da CCMAS, wanda ya ƙunshi manyan fagage 17. A ƙarƙashin CCMAS, hukumar ce take tsara kashi 70 cikin ɗari na manhaja, kowace jami'a kuma ta cike ragowar kashi 30 da abin da ya dace da muhallinta. Kwas ɗin fassarar Hausa da Faransanci da aka yi misali da shi, a cikin wannan kashi 30 zai sami gurbi.

5.1 Duba Kayan Aiki

Idan jami'a ta nemi izinin sabon shiri, hukumar takan turo ayarin masana domin su ga abin da aka tanada da idonsu. Za su ga malamai da takardunsu, da ofisoshi, da ajujuwa, da ɗakin karatu. Akwai ma'aunai da ake bi. A fagen fasaha da harsuna ana so malami ɗaya ga ɗalibai 30, a kimiyya ɗaya ga 20, a likitanci ɗaya ga 10. Ana kuma so kashi 20 na malamai su kasance a matakin farfesa ko mai bi masa, kashi 35 manyan malamai, kashi 45 kuma ƙananan malamai. Sai hukumar ta ba da takardar sahalewa ne hukumar JAMB take sa shirin a cikin jerin da ɗalibai za su zaɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya: jami'ar da ta ɗauki ɗalibai kafin wannan takarda ta jefa su cikin haɗari.

5.2 Tantancewa

Bayan shiri ya yi wasu shekaru yana tafiya, kafin rukunin farko su fita, sai wani ayari ya zo, wanda ya ƙunshi manyan malaman fagen daga wasu jami'o'i. Sashe yakan cike kundin auna kai tun kafin zuwansu. Ayarin zai duba takardun tambayoyi, da amsoshin ɗalibai, da yadda aka ba da maki, da kundayen bincike, da rahoton mai jarrabawa na waje. Zai shiga aji, ya kuma gana da ɗalibai. Sakamakon iri uku ne:

(i) Cikakkiyar tantancewa: maki 70 ko fiye a jimla, da kuma maki 70 a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu, wato harkar karatu, da malamai, da gine-gine da kayan aiki, da ɗakin karatu. Tana aiki shekara biyar.

(ii) Tantancewar wucin gadi: ga shirin da ya sami maki 60 zuwa sama amma bai cika sharaɗin farko ba. Tana aiki shekara biyu.

(iii) Hani: ga shirin da ya gaza maki 60. Ana dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai har sai an gyara.

Wasu fagage suna da ƙarin masu dubawa, kamar majalisar likitoci, da ta injiniyoyi, da ta koyar da aikin lauya. Digirin harshe ba shi da irin wannan, don haka nauyin duka yana kan sashe da NUC.

6.0 Tsarin Jamhuriyar Benin

An kafa jami'ar farko ta ƙasar a 1970 da sunan Jami'ar Dahomey. Ta koma Jami'ar Ƙasa ta Benin a 1975, sannan a 2001 ta zama Jami'ar Abomey-Calavi, shekarar da aka buɗe ta Parakou a arewa. A nan Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ce take riƙe da ikon da NUC take da shi a Nijeriya. Abubuwa uku ne suka bambanta tsarin.

Na farko shi ne tsarin LMD, wato lisans da masta da dakta, wanda aka aro daga gyaran da ƙasashen Turai suka fara a Bologna a 1999. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa ta umarci mambobinta su rungume shi a 2007. A wannan tsari kowane zangon karatu kiredit 30 ne. Lisans zango shida ne, wato kiredit 180, masta kuma zango huɗu, kiredit 120. Kiredit a nan ya bambanta da na Nijeriya, domin yana auna dukkan aikin ɗalibi ne, na aji da na gida, tsakanin awa 20 zuwa 25. Saboda haka kuskure ne a ga 180 a ce ya fi 120 na Nijeriya, ko a ga shekara uku a ce ba digiri ba ne. Ma'aunan ne ba iri ɗaya ba.

Na biyu shi ne matsayin makarantu masu zaman kansu. Izinin da suke samu hawa-hawa ne: akwai na kafawa, akwai na buɗewa, akwai kuma amincewa da kowane fagen karatu da takardar da za a bayar a kansa. Tun daga 2017 gwamnatin Benin ta kafa jarrabawar ƙasa ta lisans domin ɗaliban waɗannan makarantu, ta yadda ɗalibi zai fita da takardar da hukuma ta sani. Ke nan takardar da makaranta ta buga da hatiminta daban take da wadda ake samu bayan cin jarrabawar ƙasa.

Na uku shi ne CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Tana da ƙasashe 19, cikinsu har da Benin da Nijar da Togo da Cadi da Kamaru. Nijeriya ba ta ciki. Bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Lome a 1972, majalisar tana duba shirye-shiryen digirin da makarantu suka gabatar mata, ta amince da waɗanda suka cancanta, domin takardar ta yi aiki a sauran ƙasashen. Ita ce kuma take auna ayyukan malaman jami'a kafin a ƙara musu girma. Amincewar CAMES ta shiri-shiri ce. Makaranta tana iya samun ta a fagen akanta, ba ta samu a fagen aikin jarida ba.

7.0 Inda Bango Ya Tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar a nan tana tsakanin tsare-tsaren biyu ne. NUC ba ta da ikon shiga makarantar da ke wata ƙasa. Ɗalibin Nijeriya kuwa da zai koma gida da takardarsa, ba lallai ne ya tsaya jarrabawar ƙasa ta Benin ba. Shingen da ya rage shi ne ofishin Ma'aikatar Ilimi da ke Abuja, mai duba takardun waje kafin a tafi hidimar ƙasa, kuma rahoton Umar Audu ya nuna ana iya tsallake shi.

Lissafi kaɗan ya isa ya tona asirin digirin mako shida. Lisans mai kiredit 180, a kan awa 20 kowane ɗaya, aikin awa 3,600 ne. Digirin Nijeriya na shekara huɗu mai kiredit 120 yana bukatar awa 1,800 na lacca kaɗai. Mako shida kuwa kwana 42 ne, wato awa 1,008, ko da mutum bai runtsa ba dare da rana. Duk wanda ya san ma'anar kiredit ba za a sayar masa da irin wannan takarda a matsayin digiri ba, sai dai in da saninsa.

8.0 Matsalolin Tsarin Tantancewa

Bai kamata a ɗauka cewa tsarin Nijeriya ba shi da aibi ba. Matsala ta farko ita ce jinkiri. Takarda tana iya shafe shekara ko fiye tana yawo tsakanin kwamitoci, har abin da aka so a koyar ya tsufa. Ta biyu ita ce kwalliyar ranar baƙi. An daɗe ana zargin wasu sassa da aron malamai da littattafai da na'urori idan ayarin tantancewa zai zo, a mayar da su bayan ya tafi. Wannan yaudarar kai ce, kuma ɗalibi ne yake biyan kuɗinta.

Ta uku ita ce gardamar iko. A 2023 ƙungiyar ASUU ta soki CCMAS, tana mai cewa tsara manhaja haƙƙin Majalisar Dattawan kowace jami'a ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukumar NUC kuma ta kafa hujja da dokar da ta ba ta ikon shimfiɗa ƙa'idoji, ta ce malaman jami'o'in ne suka yi aikin tsarawar. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. In babu ma'auni guda, digirin Hausa na Sakkwato da na Maiduguri za su zama abubuwa biyu masu suna ɗaya. In kuma ma'aunin ya yi tsauri, sashe ba zai iya amsa bukatar da ke ƙofarsa ba.

Ta huɗu ta shafi sassan harsuna kai tsaye. Idan yawan masu nema da samun kuɗin shiga suka zama babban ma'auni, shirin harshen Afirka yakan sha wuya a gaban kwamiti. Mafita ita ce sashe ya zo da hujjar bukata a fili: gidajen rediyo, da kotuna, da asibitoci, da kan iyakoki, da kasuwanni irin Dantokpa ta Kwatano, inda ake bukatar wanda ya iya Hausa da wani harshe a rubuce da kuma a baki.

9.0 Tambayoyin da Ya Kamata a Yi Kafin Biyan Kuɗi

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da tambayoyi biyar, waɗanda ɗalibi ko mahaifi zai yi, a Kano yake ko a Zongon Kwatano:

1. Shin hukumar ƙasar da makarantar take ta ba ta izinin buɗewa?
2. Shin wannan shirin na musamman yana da sahalewa, ko kuwa makarantar ce kawai take da izini?
3. Yaushe aka tantance shi na ƙarshe, kuma mene ne sakamakon?
4. Wa zai sa hannu a takardar, makaranta ko hukuma?
5. Shin ƙasar da za a yi aiki da takardar ta amince da makarantar a halin yanzu?

Amsar ta biyar takan canja, domin hukumomi suna sabunta jerinsu. Saboda haka a ofishin hukuma ake nemanta, kuma a rubuce. Maganar dillali ko allon talla ba ta wadatar ba.

10.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sawun sabon kwas da sabon shirin digiri daga teburin malami zuwa sashe, da tsangaya, da Majalisar Dattawa, har zuwa hukumomin waje. An ga cewa Nijeriya ta dogara da NUC, Benin kuma da ma'aikatarta da jarrabawar ƙasa da CAMES, kuma rikicin 2024 ya ɓullo ne a inda ikon ɗaya ya ƙare, na ɗayan bai fara ba. Ɗalibin harshe yana da rawar da zai taka a nan. Yawancin takardun izinin Benin da Faransanci suke, na Nijeriya da Ingilishi, iyayen da suke biyan kuɗin kuwa da yawansu Hausa suke ji. Wanda ya iya karanta takardar izini ya bayyana wa mahaifi a Zongo bambancin izinin buɗe makaranta da amincewa da shirin digiri, ya tsare masa dukiya, ya tsare wa ɗansa shekara uku.

Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin sahalewa da tantancewa, tare da misali.
2. Me ya sa ba za a kwatanta kiredit na Nijeriya da na tsarin LMD kai tsaye ba?
3. Tsara takardar neman sabon kwas mai kiredit biyu a fagen fassara, kamar yadda za a gabatar wa taron sashe.